Yadda Manyan Kamfanoni Ke Fito Da Sabon Kaya: Darasi Ga Masu Ciniki Ta Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na matasa da mata masu sana'a



Zan yi magana a kan abin da ya shafi aljihun kusan kowane gida a wannan unguwa. Kowa ya sani ciniki ne ya kawo kakanninmu ƙasar Kurmi. Goro ake ɗauka daga Shagamu da kewaye a yi Arewa da shi, shanu kuma a gangaro da su Kudu, har ta kai aka kafa Sabon Ibadan a shekarar 1916. To yau kasuwa ta ƙara wani reshe, ta shiga cikin wayar hannu. Matar aure tana ɗakinta tana sayar da turaren wuta da humra da atamfa ta WhatsApp. Saurayi yana tallar kilishi ko huluna ko takalma a Facebook da Instagram da TikTok, mai saye yana Fatakwal ko Abuja, ba su taɓa ganin juna ba.

Sai dai kukan da ake yawan ji shi ne, mutum ya zuba jarinsa, ya ɗauki hoto ya ɗora, masu kallo ɗari biyu, masu tambayar farashi goma, mai saye ko ɗaya babu. Wata kuma adashinta ta kwasa, ko ta sayar da ɗan kunnenta ta sari kaya, wata uku kayan na jibge a ƙarƙashin gado. Saboda haka na ga ya kamata mu duba yadda manyan kamfanoni suka fito da sabon kaya kasuwa, waɗanda suka ci riba da waɗanda suka tafka asara, mu ga abin da mai ƙaramin jari zai tsinta. Su sun biya kuɗin makaranta da miliyoyi, mu kuwa kyauta za mu ɗauki karatun.

Da farko bari mu fara da madarar da kowa ya sani, wato Cowbell. A shekarar 1993 ne kamfanin Wonder Foods, wanda yanzu ake kira Promasidor, ya fito da ita a Nijeriya. Manyanmu za su tuna halin da ake ciki a lokacin. Tun daga 1986 da aka shigo da shirin SAP darajar Naira ke ta faɗuwa, madarar gwangwani ta fi ƙarfin talaka. Kamfanonin da ke kasuwa kuwa a gwangwani suka saba sayarwa. Sai wannan kamfani ya zuba madarar gari a 'yar ƙaramar leda, daidai ta shan shayi sau ɗaya. Haka kuma ya yi amfani da man tsirrai a madadin kitsen madara, abin da ya sa ta yi sauƙin kuɗi kuma ta jure ajiya. Ya bi masu tireda da masu tebur lungu-lungu ya kai musu. Ba a daɗe ba sai da manyan da suka riga shi shekaru aru-aru su ma suka koma yin ta leda.

Kun ga a nan mutane ba ƙin madara suka yi ba, kuɗin gwangwani ne babu a hannu lokaci guda. Mai aikin yini da kuɗin yini yake cefane. To ke mai turaren wuta, in kwalbarki ɗaya ce kuma babba, kin rufe ƙofa ga duk wadda ke son ta gwada tukuna. Yi ƙarama, yi matsakaiciya, yi babba. Kai mai kilishi, ƙulla na ɗan kuɗi kaɗan wanda ɗalibi zai iya saye. Wanda ya sayi ƙarami ya ji daɗi, shi ne zai dawo ya sayi babba ranar da ya samu. Amma a yi lissafi da kyau, domin kuɗin leda da kwalba da takardar liƙawa suna cinye ribar ƙaramin ƙunshi in ba a kula ba.

Na biyu ita ce Indomie. Asalinta daga ƙasar Indunisiya take, kuma a 1988 aka fara shigo da ita Nijeriya. A lokacin ba abincinmu ba ce, wasu ma ƙyamarta suke yi, suna cewa ta yi kama da tsutsa. Kamfanin Tolaram da abokan haɗin gwiwarsa ba su tsaya ga talla a rediyo da talabijin kaɗai ba. Sun riƙa dafa ta suna rabawa kyauta a makarantu da kasuwanni domin baki ya ɗanɗana da kansa. A tsakiyar shekarun 1990 suka kafa masana'anta a Otta ta Jihar Ogun, daga baya suka ƙara a Fatakwal da Kaduna, suka kuma tanadi motocinsu na rarraba kaya. Sun yi shekaru suna haƙuri kafin abin ya kama. Yau ga shi duk taliyar da ke cikin irin wannan leda, ko ta wane kamfani ce, Indomie yara ke kiran ta.

A nan ina so mu lura da wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Cikin waɗanda suka yaɗa wannan abinci har da masu shayinmu. Mai shayi ne ya ɗora ta a kan risho, ya fasa mata ƙwai, ya yanka albasa da attaruhu, ya miƙa wa direba da lebura da ɗalibi da tsakar dare. Wato kaya ya bi hannun mutumin da jama'a suka riga suka saba zama wurinsa. To mai ciniki ta waya shi ma ya tambayi kansa, wane ne mai shayina? Wataƙila mai kitso ce, ko mai lalle, ko tela, ko mai gyaran amare, ko uwar adashi, wadda mata ashirin ke shiga gidanta a mako. Ki kai mata ɗan samfur kyauta, ta turara ɗakinta da shi, ki yanka mata la'ada a kan duk wadda ta kawo. Hoto ba ya ƙamshi, kuma ba a ɗanɗana yaji ta gilashin waya. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Na uku, ku saurari abin da mutane ke kuka da shi. A watan Agusta na 2001 aka fara wayar GSM a ƙasar nan, MTN da Econet. Minti ɗaya Naira 50 ne, kuma ko sakan biyar ka yi layi ya katse, kuɗin minti cikakke za a cire maka. Jama'a suka yi ta ƙorafi, aka ce musu lissafin sakan-sakan ba zai yiwu ba tukuna. A watan Agusta na 2003 kamfanin Glo na Mike Adenuga ya shigo, ya zo a makare da shekara biyu, amma ya fara da lissafin sakan-sakan tun ranar farko. Cikin 'yan watanni sauran duka suka bi sahu. Tallarsa ba ta buƙaci dogon bayani ba, domin mutane sun riga sun san ciwon, magani kawai aka nuna musu.

Haka ma wayar Tecno. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin ya duba ya ga ɗan Nijeriya na yawo da waya biyu ko uku, saboda wani layin ba ya kamawa a wani wuri, kuma kira daga wannan layi zuwa wancan ya fi tsada. Sai ya kawo waya mai sim biyu. Ya ga wutar lantarki ba ta zama, ya sa batir mai daɗewa. Ya ga kyamarar sauran wayoyi ba ta fito da fuskar baƙin mutum sosai, ya gyara tasa. Har harsunan Afirka ya sa a ciki, da Hausa da Suwahili da Amharik, ya kuma buɗe wuraren gyara. Zuwa 2017 wayoyinsa, wato Tecno da itel da Infinix, sun fi na kowane kamfani yawan sayuwa a nahiyar Afirka.

To mene ne kukan masu saye ta intanet a yau? Kun san shi, domin ku ma kuna saye. Abin da aka gani a hoto daban, abin da ya iso daban. A ce kaya zai zo Talata, sai Asabar. A tura kuɗi, mai kaya ya daina ɗaukar waya. A tambayi farashi, a ce sai ka biyo ta bayan fage. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya magance shi, ya sami abin talla wanda ya fi waƙa da kiɗa. Rubuta farashi a fili ƙarƙashin hoto. Ɗauki hoton kayan da ke hannunka a hasken rana, kada ka kwafo na wani. In shadda ce, faɗi sunanta na gaskiya da yawan yadinta. In ka ba direba a tasha, tura wa mai kaya lambarsa da lokacin da motar ta tashi.

Jama'a, yanzu bari mu juya ga waɗanda suka yi tuntuɓe, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A ranar 23 ga Afrilu, 1985, kamfanin Coca-Cola a Amurka ya sanar da cewa ya canza ɗanɗanon lemonsa, bayan shekara 99 ana shan na asali. Dalili kuwa Pepsi ta matsa masa lamba a kasuwa. Kafin ya yi haka sai da ya ba mutane kusan 200,000 suka kurɓa ba tare da sun san wanne ne wanne ba, kuma mafi yawa suka zaɓi sabon, domin ya fi zaƙi. Amma da aka janye tsohon daga kasuwa sai ƙasa ta ɗauka. Mutane suka yi ta buga waya da rubuta wasiƙun fushi, wasu suka riƙa saye suna ɓoye tsohon. Bayan kwana 79 kamfanin ya dawo da na asali. Kuskuren a nan shi ne an tambayi mutane wanne ya fi daɗi a kurɓi ɗaya, ba a tambaye su ko sun yarda a ɗauke musu wanda suka saba da shi ba. Saboda haka ke da aka san ki da wani haɗin humra ko yaji, in za ki fito da sabo, ajiye shi kusa da tsohon, masu saye su zaɓa. In kuwa kayan haɗi sun yi tsada, gara ki ƙara kuɗi ki faɗa, da ki rage inganci a ɓoye. Hancin kwastoma ba ya mantuwa.

Misali na gaba daga Indiya yake. Marigayi Ratan Tata ya ga magidanta suna ɗora mata da 'ya'ya a kan babur ɗaya, sai ya ƙudurta yi musu mota mai sauƙi. A 2009 aka fara sayar da Tata Nano a kan kuɗin Indiya rufi 100,000, aka yi ta shelar cewa ita ce mota mafi araha a duniya. Niyya mai kyau, amma wannan suna shi ya kashe ta. Mai sayen motar farko yana so maƙwabta su ga ya ci gaba, ba ya so a nuna shi a ce ga mai motar talakawa. Da yawa suka gwammace su sayi ta hannu mai suna. Ciniki ya yi ta ja da baya har aka daina ƙera ta a 2018, kuma shi kansa Ratan Tata ya amsa cewa kiran ta mafi araha kuskure ne. Mu ma muna da karin maganar, araha ba ta ado. Ku bambance wannan da na Cowbell: can an rage girman ƙunshi ne, mutuncin mai saye yana nan. Uwar da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta tana son sauƙi, amma ba ta son a ce na masu ƙaramin ƙarfi ta saya. Ku yabi kayanku da ingancinsa, farashi ya yi wa kansa magana.

Sai kuma gaggawa. A watan Agusta na 2016 Samsung ya fito da wayar Galaxy Note 7, aka yi ta rububinta. Cikin makonni sai batir ya fara kamawa da wuta. A farkon Satumba kamfanin ya nemi a dawo da waya miliyan biyu da rabi, ya musanya su, waɗanda aka musanya su ma wasu suka kama. A watan Oktoba ya daina yin ta ɗungurungum, aka hana shiga jirgin sama da ita, asarar ta haura dala biliyan 5. Darasi biyu ne a nan. Na farko, a gwada kaya kafin a yi shela. Mai dambun nama ko man shafawa ta ajiye kwalba ɗaya mako biyu ko uku ta ga ko zai canza, ta aika wa 'yar'uwarta a wani gari ta ga ko zai jure zafin mota da jijjiga. Na biyu, kamfanin ya amsa laifinsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya fito ya bayyana abin da ya lalace, shi ya sa da ya fito da wata wayar a shekarar da ta biyo baya aka saya. In kayanka ya sami matsala, kira mai saye kafin ya kira ka. Asarar kwalba ɗaya ta fi sauƙi a kan a ɗauki hoton hirarku a watsa a zaurukan WhatsApp.

To yaya ake shirya ranar fitowa? A nan kamfanin Apple ya ƙware. A 2001 da ya fito da 'yar na'urar sauraren waƙa mai suna iPod, bai cika mutane da lissafin injiniyoyi ba, cewa ya yi waƙa dubu ce za ta shiga aljihunka. Magana ɗaya, kowa ya gane. Haka kuma Steve Jobs ya nuna iPhone ranar 9 ga Janairu, 2007, amma ba a fara sayarwa ba sai 29 ga Yuni. Kusan wata shida mutane na zancenta, ranar da ta fito layi aka yi. Ku ma ku gwada wannan daidai ƙarfinku. Ku nemi magana ɗaya da ke faɗin amfanin kayanku, wadda yaro zai iya maimaitawa. Sa'an nan ku fara nuna shiri tun da sauran mako biyu: ga kayan haɗi sun iso, ga yadda ake yi, ga ranar da za a fara sayarwa. Ku duba kalanda, kayan sallah tun farkon azumi ake tallarsu, domin tela na buƙatar lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kada a ce saura guda uku alhali kwali goma na ɗaki, domin masu saye suna magana da juna, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Duk waɗannan ba za su yi amfani ba in babu amana. Lokacin da Jumia da Konga suka fara a 2012, babbar matsalarsu ita ce ɗan Nijeriya ba ya yarda ya biya kuɗin abin da bai riƙe a hannu ba. Dole ta sa suka yarda a biya bayan kaya ya iso. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu da ke zaune a nan sun san yadda cinikin shanu da goro ya gudana. Baƙo ya zo daga Arewa da dukiyarsa, ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da shanu bashi babu takarda, domin maigida ya tsaya. In mai saye ya gudu, maigida ke biya, shi ya sa sunansa ya fi masa kuɗi daraja. A waya babu maigidan da zai tsaya maka, saboda haka kai za ka gina abin da zai maye gurbinsa. Yi amfani da suna ɗaya da lamba ɗaya, kada ka riƙa sauyawa. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan da aka san ka da shi. In hali ya yi, yi wa sana'arka rajista a hukumar CAC. Mai sayar da abin ci ko na shafawa ko magani da aka ƙunshe ya nemi lambar NAFDAC, domin doka ce, kuma manyan kantuna ba sa karɓar kaya sai da ita. Wanda ya saya ya yaba, nemi izninsa kafin ka nuna wa jama'a saƙonsa. Kai ma ka kare kanka: kada kaya ya bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna, domin alat na bogi ya yi yawa.

Wani abu kuma, ku tuna rumfar da kuke ciki ta aro ce. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar nan dai gwamnati ta rufe Twitter a Nijeriya daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Ban da wannan, ana sace shafi, waya na faɗuwa a mota. Saboda haka ku sayi littafi, ku rubuta sunan kowane mai saye da lambarsa da garinsu da abin da ya saya. A wani shafin ku rubuta kuɗin sari da na mota da na data da na leda, domin da yawa suna ganin kuɗi na shigowa suna zaton riba ce, alhali uwar kuɗi suke ci.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu da mazaje da su tallafa wa mata da matasan da suka kama wannan hanya, domin sana'a ce kamar kowace, kuma tana rufa asirin gida. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar haɗa masu wannan ciniki wuri guda, su riƙa haɗa kayansu a mota ɗaya don rage kuɗin aike, waɗanda suka iya ɗaukar hoto da lissafi su koya wa na baya, a kuma sami dattawan da za a kai wa ƙara in saɓani ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Abin da ɗayanmu ya yi, da sunan Hausawan unguwar nan gaba ɗaya za a kira shi, alheri ne ko akasinsa.

Ku kuma matasa, kada wanda ya tashi daga nan ya ce zai yi duka a rana ɗaya. Ɗauki ɗaya cikin makon nan, ko ƙaramin ƙunshi, ko rubuta farashi, ko littafin masu saye, ka ga abin da zai canza, sa'an nan ka ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa.

 Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.